Harafin da ke bin aikatau: sharhi kan ƙamus da darasin Ingilishi a Damagaram

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a sake duba wata ɗabi'a da ta daɗe cikin ƙamusoshinmu da azuzuwanmu, wato ɗaukar harafi a matsayin kalma mai zaman kanta wadda ake iya fassarawa ita kaɗai. Sai a ce ma ɗalibi “on” shi ne “sur” shi ne “a kan”, “with” shi ne “avec” shi ne “da”, a wuce gaba. Da kalmar “harafi” ina nufin abin da Faransanci ke kira préposition, malaman zaure kuma ke kira harafin jarri. Ra'ayin da zan kare shi ne, in harafi ya zo bayan aikatau, yawanci ba shi da zaɓi: aikatau ne, ko aikatau tare da sunan da ya ɗauko, ke kiran sa. Saboda haka ƙirar gaba ɗaya ita ce abin koyo. Zan kuma nuna cewa ɗalibin Damagaram, wanda ake kai shi ga Ingilishi ta ƙofar Faransanci, yana asarar abin da Hausarsa ta riga ta ba shi kyauta.

Na ce “Ingilishi” ban ce “Turanci” ba, domin a nan ƙasar in mutum ya ce Turanci, sau da yawa Faransanci yake nufi. Cikin misalai kuma na bi “ma” irin ta Damagaram a inda Kano ke cewa “wa”. Alamar tauraro a gaban jimla tana nuna cewa jimlar ba karɓaɓɓiya ba ce.

Maganar ta wuce ta ƴan nahawu. A watan Maris na 2025, dokar tushe da aka kira Charte de la refondation ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ko me mutum yake gani game da wannan hukunci, abu guda a fili yake: harsunan nan uku za su ƙara haɗuwa cikin takarda guda da ofis guda da bakin mutum guda. Sunayen abubuwa ba su cika kawo rikici ba, ƙamus na aljihu ma ya isa. Ƴan ƙananan kalmomin nan da ba a ɗauka bakin komai ba su ne wurin karo.

2.0 Ƙirar a Ingilishi

Iri biyu suka fi damun ɗalibi. A na farko, sunan da ke bin aikatau sakakke ne, ana iya sauya shi da kowane, amma harafin a ƙulle yake:

(1) accuse him of theft; blame him for the loss; congratulate her on her success; prevent them from leaving; remind me of home; provide the school with books.

A na biyu kuwa, sunan ma a ƙulle yake, ya zama tamkar gaɓar aikatau:

(2) take care of. Pay attention to. Make use of. Take part in. Put pressure on. Lose sight of. Make fun of.

Idan aka dubi (2), za a ga aikatau ya kusa zama fanko. Mai “pay attention” bai biya kowa komai ba, mai “take part” bai ɗauki komai ba. Nauyin ma'ana yana kan sunan, kuma sunan ne ya zaɓi harafi. Otto Jespersen ya kira irin wannan aikatau “light verb”, wato aikatau marar nauyi. Maurice Gross da almajiransa a Faransa suka kira shi “verbe support”. Babban nahawun Quirk da abokan aikinsa na 1985 ya lura cewa wasu daga cikin ƙirar nan suna karɓar juyi biyu, a ce “care was taken of the horses” ko “the horses were taken care of”. Wannan na nuna cewa sunan ya manne ma aikatau, amma bai narke cikinsa duka ba.

Abin lura shi ne, waɗanda suka fara ɗaukar batun da muhimmanci malamai ne masu koyar da baƙi. Harold Palmer ya fitar da rahotonsa kan kalmomi masu tafiya tare a Tokyo a 1933. A. S. Hornby, wanda ya yi aiki tare da shi, ya sa ƙirar aikatau ashirin da biyar cikin ƙamus ɗin da aka buga a Tokyo a 1942, wanda daga baya ya zama Oxford Advanced Learner's Dictionary, ya kuma keɓe ma batun littafi a 1954. Ƙamus na BBI ya biyo a 1986, sannan aikin COBUILD na 1996 da ya tsamo ƙirar aikatau daga tarin rubutu cikin kwamfuta. Ɗan harshe ba ya ganin wahalar, don bai taɓa tsayawa ya zaɓi “of” ko “for” ba. Mai koyar da baƙo ne ke cin karo da ita kullum.

Mu ma ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaurukan Birni ko Zango ya san cewa “ragiba fi” son abu ne, “ragiba an” kuwa juya masa baya ne. Aikatau ɗaya, harafi ya juya ma'ana. Ba a taɓa koya ma almajiri “fi” da “an” a ce ya je ya haɗa da kansa ba. Tare da fi'ilin ake ba shi su.

3.0 Abin da Hausa take da shi

Haruffan Hausa na asali kaɗan ne: a, da, daga, ga, ta, bisa, har, sai, tun, don, da ƴan wasu. Sauran waɗanda ake jerawa a littattafai sunaye ne da suka ɗauki ɗafin mallaka: “kan” daga kai, “cikin” daga ciki, “bayan” daga baya, “gaban” daga gaba, “bakin” daga baki, “wurin” daga wuri. Wanda ya ƙirga haruffan Ingilishi ya ƙirga na Hausa zai yi zaton Hausa ce matalauciya. Kuskuren lissafin shi ne, aikin da Ingilishi ya ɗora ma harafi kaɗai, Hausa ta raba shi gida huɗu: harafi, karɓau kaikaitau mai “ma”, ɗafin mallaka -n ko -r, da kuma wasalin ƙarshen aikatau kansa. Dubi (3):

(3) a. Na yi magana da Musa.
b. Na yi ma Musa magana.
c. Na yi maganar Musa.
d. Na yi magana bisa Musa.

A (3a) mu biyu ne muka zanta. A (3b) ni na faɗa, shi ya saurara, kuma yawanci jan kunne ne ko roƙo. A (3c) ba ya wurin, an dai ambace shi. (3d) kuwa tana da ƙanshin lacca, kamar Musa ne taken taro. Ingilishi zai raba su da “with” da “to” da “about”, Faransanci da “avec” da “à” da “de”. Hausa ta raba su ta hanyoyi uku daban, harafi bai ɗauki ko rabin aikin ba. Haka “ya yi mani dariya” da “ya yi dariya da ni” da “ya ba ni dariya”: ta farko raini ce, ta biyu zumunci, ta uku yabo ko shaƙiyanci. Yaro ɗan shekara biyar a Garin Malam ba ya rikita su.

Inda “da” ta shiga ko ta fita, ma'ana na iya sauyawa ƙwarai:

(4) a. Na san shi. / Na san da shi.
b. Bai kula ni ba. / Bai kula da ni ba.
c. Ya ji shi. / Yana ji da shi.
d. Ana yi da kai.

“Na san da shi” ba ta nufin na san fuskarsa, tana nufin ban manta yana nan ba. Wanda bai kula ni ba, ko gaisuwata bai amsa ba. Wanda bai kula da ni ba, ya bar ni da yunwa. (4d) kuwa, wanda ya fassara “da” da “with” zai ɗauka an sa shi cikin aiki, alhali gulmarsa ake yi. To, ina ma'anar “da” guda ɗaya da za a rubuta a gaban “with” da “avec”?

Aikatau marasa nauyi kuma Hausa ba ta gaza Ingilishi ba, in ma ba ta fi shi ba. “Yi” shi ne sarkinsu: yi amfani da, yi hankali da, yi haƙuri da, yi fushi da, yi kama da. Sai “sa” da “ba” da “mai da” da “fid da”: sa hannu a takarda, sa baki cikin magana, sa rai da, ba da gaskiya ga, mai da hankali ga, fid da rai da. Sai kuma “ji” da “ci” da “sha”, waɗanda suka fi son ɗafin mallaka: ji tsoron, ji tausayin, ji kunyar, ci amanar, ci mutuncin, ci zarafin. Claude Gouffé ya rubuta maƙala tun 1966 kan “ci” da “sha” kaɗai. Wato ɗalibin da aka ce masa “make use of” abu ne mai wuyar gaske, shi da bakinsa yana cewa “yi amfani da” tun yana goye, kuma ginin ɗaya ne tubali bisa tubali: aikatau fanko, suna mai nauyi, harafi a ƙulle.

Gida na huɗu shi ne wanda ƙamus na fassara ya fi makancewa a kansa. F. W. Parsons, cikin maƙalarsa ta 1960, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, alkiblar da Ingilishi ke nunawa da “to” da “from”, ko ma da aikatau biyu daban, Hausa na iya nuna ta da wasali:

(5) a. Na ari keke wurin Musa. / Musa ya ara mani keke.
b. Na ranci kuɗi wurinsa. / Ya ranta mani kuɗi.
c. Na koyi ɗinki wurinsa. / Ya koya mani ɗinki.

Tushe ɗaya ne, ƙarshen ne ke faɗin wanda abin ya je wurinsa. Daga nan ake samun *borrow me your pen, wadda ta shahara a makarantun Najeriya kuma take tsallako iyaka ta Dan Barto da Magarya tare da sauran kaya. A (5c) Faransanci ma ya taimaka wurin ɓatarwa, tun da “apprendre” na ɗaukar koyo da koyarwa duka. Sakamakon shi ne *learn me English.

Akwai kuma “da” ta aji na biyar, irin ta “sayar da”, “mayar da”, “fitar da”. Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan ko harafi ce ko gaɓar aikatau, har Mahamane L. Abdoulaye ya keɓe mata maƙala a 1996. Ba zan shiga gardamar ba. Abin da kunne ke ji ya ishe mu: a daidaitacciyar Hausa ana iya raba su a ce “na mayar masa da kuɗi”, amma a baki da yawa a ƙasar nan sun narke sun zama “maida”, “saida”, har a ce “na maida mashi kuɗinshi”. Harafin da ya kai ga narkewa cikin aikatau, ai ba a ce yana da ƴancin kansa ba.

4.0 Harsuna uku, ɗalibi ɗaya

A kwalejojin ƙasar nan ana fara Ingilishi daga aji na sixième, bayan yaro ya yi shekara shida da Faransanci. In malami zai yi bayani, da Faransanci yake yi. In ɗalibi zai duba kalma, ƙamus na Faransanci da Ingilishi ya fi samu. Hausa tana bakin ƙofa tana jira a tashi. Bari mu ga abin da wannan ke jawowa:

(6) a. ya shiga ɗaki / he entered the room / il est entré dans la chambre
b. ya bi umarni / he obeyed the order / il a obéi à l'ordre
c. ya amsa tambaya / he answered the question / il a répondu à la question
d. ya tambayi Musa / he asked Musa / il a demandé à Musa
e. sun tattauna batun / they discussed the matter / ils ont discuté de l'affaire
f. ya ba Musa littafi / he gave Musa a book / il a donné un livre à Musa

A duk shidan Hausa da Ingilishi sun yi daidai, babu harafi tsakanin aikatau da karɓau. Faransanci ne kaɗai ya sa shi. Duk wanda ya taɓa gyara takardun BEPC ko na bakaloriya ya san abin da ke fitowa: *enter in the room, *obey to the order, *answer to the question, *ask to Musa, *discuss about the matter. Waɗannan kurakurai ba daga nonon uwa aka sha su ba, a aji aka saye su. (6f) ta fi ba ni mamaki. Jerin karɓau biyu ba tare da harafi ba abu ne da ke wahalar da Bafaranshe mai koyon Ingilishi, don harshensa bai yarda da shi ba in karɓau suna ne. Bahaushe kuwa haka yake magana kullum. Amma sai ka ga an ɓata mako ana bayyana ma ƴan Zinder wannan gini da alli da kibau, kamar ƴan Liyon ne.

Har inda harafi ya bayyana, Hausa kan fi kusa:

(7) a. ta cika tulu da ruwa / she filled the pot with water / elle a rempli le canari d'eau
b. ya rufe shi da bargo / he covered him with a blanket / il l'a couvert d'une couverture
c. ya dogara bisa mahaifinsa / he depends on his father / il dépend de son père

“De” ta Faransanci ita ke haifar da *fill of, *cover of, *depend of. Ɗalibin da aka bari ya tambayi kansa “yaya zan faɗa a gida?” zai faɗa kan daidai a duk ukun.

Kada a ɗauka ina cewa Hausa makulli ce mai buɗe kowace ƙofa. Akwai inda Faransanci ya fi ta kusa: “accuser de” ya dace da “accuse of”, alhali “zarge shi da sata” za ta kai ɗalibi ga *accuse with. Akwai inda babu mai taimako cikin biyun, kamar “prevent him from going”, inda Hausa ke cewa “hana shi tafiya”, Faransanci “l'empêcher de partir”, ɗalibi kuma ya rubuta *prevent him to go. Mafi muni shi ne inda Hausa da Faransanci suka haɗa kai suka saɓa ma Ingilishi: jira da “attendre”, saurara da “écouter”, nema da “chercher”, duba da “regarder”, duk suna ɗaukar karɓau kai tsaye, Ingilishi kuwa sai da “for” da “to” da “at”. Shi ya sa *I am waiting you ke bin mutum har jami'a, har bayan jami'a. Shaidu biyu sun ce masa daidai ne.

To amma wannan ma hujja ce a gare ni. Malamin da ya san taswirar nan ya san inda zai kashe lokacinsa. Rukunin (6) da (7) minti goma sun isa, a ce ma yara su bi Hausarsu. Rukunin jira da saurara shi ke bukatar maimaici har ya zauna. Tsarin da ake bi yanzu ya shimfiɗa su duka a tabarma ɗaya, jerin aikatau da haruffa bisa tsarin abacada, a haddace a kawo ranar Litinin.

Za a ce ba kowane ɗalibi a jihar Damagaram ne Bahaushe ba, akwai Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa, kuma gidan sarautar ma asalinsa na Barno ne. Gaskiya ne. Amma a cikin garin Zinder, Hausa ce harshen kasuwar Dole da na filin wasa, yaron da bai iya ta ba kafin sixième ƙalilan ne. Sannan abin da na nema ma Hausa, shi nake nema ma Barbarci, wanda ke ɗafa alamominsa irin su -ro da -lan a ƙeyar suna. Yaron da ya lura cewa harshensa na sa a baya abin da Ingilishi ke sawa a gaba, ya riga ya fahimci rabin darasin.

Abin takaicin shi ne a garin nan aka fara. Makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida da Faransanci a Zinder aka buɗe ta a 1973, da Hausa. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa cikin harsunan ƙasa. Amma tunanin ya tsaya a firamare, kamar harshen gida tsani ne da ake jefarwa in an hau. Daidai lokacin da harshe na uku ya iso, lokacin da kwatance ya fi amfani, a nan ake sallamar Hausa.

5.0 Ƙamusoshi

Ɗan yankin nan yana cikin waɗanda aka yi aikin farko-farko na kwatanta Hausa da Ingilishi da bakinsu. Dorugu, wanda aka haifa a Dambanas kusa da Kance, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, kuma da shi J. F. Schön ya yi aiki kafin ya fitar da nahawunsa na 1862 da ƙamus na 1876, sannan Magana Hausa a 1885. Ta ɓangaren Faransanci, Landeroin da Tilho sun fitar da nahawu da tatsuniyoyi a 1909, bayan aikin shata iyaka tsakanin Neja da tafkin Cadi. Dukansu baƙi ne masu son su iya Hausa, ko su sa ƴan uwansu su iya. Wannan alkibla ta bi kusan duk abin da ya zo baya.

Ƙamus na Bargery na 1934 teku ne wurin yawan kalmomi da kare-karen harshe, ba a kama ƙafarsa ba har yau. Amma a batun da ke gabanmu, na R. C. Abraham na 1949 ya fi shi, domin Abraham mutum ne mai son jimla: yakan nuna kalma a cikin aikinta, da abin da ke gabanta da abin da ke bin ta. Matsalarsa cunkoso. Wanda ya buɗe “yi” ko “ci” ko “da” a ciki zai samu abin da yake nema, in yana da ido da haƙuri da yini guda. Ɗan kwaleji ba shi da ko ɗaya. Na Paul Newman da Roxana Ma Newman na 1977 ya kawo sauƙi da tsabta, na Roxana Ma Newman na 1990, daga Ingilishi zuwa Hausa, ya kula da yadda ake amfani da kalma fiye da waɗanda suka gabace shi. Sai dai tambayar da yake amsawa ita ce ta mai Ingilishi: yaya zan faɗi wannan da Hausa? Tambayar ɗalibinmu daban ce: na san abin da nake nufi, wane harafi Ingilishi ke bukata a nan, kuma ina zan yi tuntuɓe? Ƙaramin ƙamus na Abdou Mijinguini na 1987 da na Caron da Amfani na 1997 sun haɗa Hausa da Faransanci, sun yi aikinsu, amma kusurwa ta uku ba huruminsu ba ce.

Akwai wani gibi kuma da ya fito daga yadda mu da kanmu muke rarraba ilimin harshe. “Ci amana” da “sha kashi” muna kai su ɗakin adon magana, kamar yadda sunan ƙamus na Dikko da Macciɗo na 1991 ya nuna, don suna da armashi. Tsarin aikatau muna kai shi ɗakin nahawu. “Yi amfani da” da “sa rai da” da “lura da” ba su da armashin da zai kai su ɗaki na farko, ba su bin ƙa'idar da za ta kai su na biyu, sai su kwana a tsakar gida. Kuma su ne suka fi yawa a magana. Ba ado ba ne, in aka cire su jimla ba ta tashi.

A ganina shigarwar da ta dace ita ce wadda ke nuna gurabe: “yi ma WANI godiya don ABU”, a gefenta “thank SOMEONE for SOMETHING”, a gefenta “remercier QUELQU'UN de QUELQUE CHOSE”, da ƴar alama mai nuna wanne ya yi daidai da wanne. Ƙira ɗari uku ko huɗu irin wannan, a ɗan littafin da zai shiga aljihu, aiki ne da ɗaliban sashen Ingilishi da na harsuna a Jami'ar André Salifou ta Zinder ko ta Abdou Moumouni ta Yamai za su iya yi cikin kundayensu na ƙarshen karatu, in an raba masu.

6.0 Hausar fassara

Ruwan ba gefe ɗaya yake gangarawa ba. Ɗabi'ar fassara harafi da harafi ta dawo ta shiga Hausa kanta, musamman a labaran rediyo da sanarwar hukuma. “A kan” da “game da” sun zama mazubin duk “on” da “about” da “sur” da “au sujet de”. “Ga” ta zama mazubin “to” da “à”. Sai ka ji “ya ba da goyon baya ga shugaban”, inda Hausa ke da “ya goya ma shugaban baya” ko “ya goyi bayan shugaban”. Ka ji “ya kai ziyara ga sarki” maimakon “ya ziyarci sarki” ko “ya kai ma sarki ziyara”. Ka ji “ya yi godiya a kan taimakon” inda tsohuwa za ta ce “ya gode da taimakon”.

Ba duka zan kushe ba. “Ɗauki mataki” da “yi kira ga” sun zauna, faɗa da su ɓata lokaci ne. Ita “ga” ma tana da gurbinta na halal: in mai karɓa dogo ne, kamar “ya raba hatsi ga duk waɗanda ambaliya ta rushe ma gidaje a bara”, jinkirta shi zuwa ƙarshe ya fi daɗin ji. Abin da nake ƙi shi ne a mai da wannan ya zama hanya ɗaya tilo, har karɓau kaikaitau da ɗafin mallaka da wasalin aikatau, wato gida uku cikin huɗun da aka nuna a sashe na 3.0, su koma maganar kasuwa, harafi kaɗai ya zama Hausar ofis. Bambancin (3a) da (3b) da (3c) shi ne farkon abin da zai tafi, kuma a takardar shari'a ba ƙaramin abu ba ne a san ko an yi magana da mutum, ko an yi masa magana, ko maganarsa aka yi.

Yanzu da za a riƙa juya dokoki da sanarwa daga Faransanci zuwa Hausa da yawa, masu fassarar su ne waɗannan ɗalibai da aka koya ma cewa “à” ita ce “ga”, “de” ita ce “na”. A ba su jimla kamar “le préfet a remis les clés du magasin au chef du village”. Wanda aka horar da jerin haruffa zai rubuta “prefe ya ba da makullai na mangaza ga shugaba na gari”, kowace kalma tana da takwararta, babu wadda mai duba zai ja ma jan layi. Mai gari da za a karanta ma takardar a Mirya ko Dungas zai gane ta, bayan ya juya ta cikin kansa ta koma “prefe ya miƙa ma mai gari makullan mangaza”.